Ranar da Na Kashe Kuran a Lakkwal Ɗinmu

Lokacin ina ajin ƙarshe a lakkwal, wato makarantarmu ta kolej, ni ce yarinyar da ke zama a bencin baya, ba na ɗaga hannu ko da na san amsa. Kullum a ƙasa nake tahowa daga unguwar Birni, ba na kula kowa a hanya. Shi ya sa ranar da Mushen da ke koya mana ordinata, wato kwamfuta, ya ce in riƙa taya shi aiki a ɗakin na'urori, murna ta hana ni cin abincin rana.

A ɗakin akwai wata baƙar na'ura da ke ajiye dosiyen duk ƴan ajinmu masu jarrabawa, sunaye, hotuna da takardun haihuwa. Kusa da ita akwai akwatin batir da ake kira ondila, shi ke riƙe ta idan kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, kafin maigadi ya tayar da gurup, injin ba da wuta. Mushe ya ce kowane wata yakan kashe kuran da gangan don ya ga ko akwatin zai karɓa, kuma wannan Alhamis ni zan ja makunnin. Kwana uku ina ba innata labarin, har ta ce in bar ta ta ji da girkinta.

Ranar na shiga da gudu-gudu, sai idona ya faɗa kan wayar na'urar, wadda na sani saboda jan zaren da ke ɗaure a wuyanta. A bango take soke. A ondila kuwa an soka bantilatar darakta ce, wato fankarsa, ga shi zaune yana shan iska, don lokacin bazara ce. Ta yaya zan nuna kuskure a gaban darakta, mutum sa'an babana? Kuma, in faɗi gaskiya, na ji tsoron a ɗage gwajin a ba wata.

Na ja makunnin cike da ɗoki. Fitilu suka mutu, bantilata ta ci gaba da juyawa, na'urar ta yi tsit. Da aka maido kuran, dosiyen suka ƙi buɗewa, ga shi ranar Litinin ake jiransu a ofishin jarrabawa. Mushe ya ce laifinsa ne da bai bi wayoyin ba. Har Lahadi malamai suna sake shigar da mu ɗaya bayan ɗaya daga takardu, ni ina miƙa musu hotuna ina haɗiye kuka. Da ƙyar aka kai su kan lokaci.

Sai bayan jarrabawa na gaya wa Mushe cewa na ga wayar a bango tun kafin in ja makunnin. Bai yi faɗa ba, ya dai tambaye ni ko daƙiƙa nawa maganar za ta ci da na faɗa masa a ranar.

Ƴan'uwana, kafin ku gwada ondila ku bi kowace waya da ido har inda ta shiga. In kun ga abin da ba daidai ba, ku durƙusa ku faɗa da ladabi. Kunyata ta kusa hana ajinmu duka zaman jarrabawa.