Ɓarawon da Na Zaɓa

Bari in fara da tona wa kaina asiri: ni wawa ne. Ba wautar rashin lakol, wato makarantar boko, nake nufi ba, ko da yake wata uku kacal na yi a can kafin mushe, malamin namu, ya gaji da ni ya ce in koma gona. Wautata a bakina take. Akwai abin da bakin nan ya jawo wanda har a kwantar da ni a makwancina na ƙarshe ba zai fita raina ba.

Shekarar da aka sauke tutar Faransa aka ɗaga tamu, ko wadda ta bi mata, ina ɗan kamasho a kasuwar Cadawa. Aikina in cika kamyo, babbar motar kaya, da fasinja da buhunan gyaɗa, in tsokani duk wanda ya gifta. Daga Agiye har Gazawa babu fuskar da ban sani ba. Wata ranar kasuwa sai ga mota da Turawa biyu da wani dogon mutumin Yamai mai tabarau. Wai silima za su ɗauka, labarin wani ƙauye da aka sace wa shanu. Mutumin Yamai shi ne mai zaɓen waɗanda za su fito a ciki. Kwana biyu yana yawo yana ƙura wa mutane ido, mata suna jan mayafi, maza suna tofa addu'a, don har an fara cewa maye ne.

A rana ta uku na tare shi. Na ce, "Malam, in ka ci gaba da kallon mutane haka, duka za ka sha. Mi kake nema?"

Ya ce, "Fuska. Ba mai kyau ba. Wadda za ta yi magana tun mai ita bai buɗe baki ba."

Na ce, "In dai fuska ce, ai a gidanta ka sauka."

Kafin la'asar na kawo masa wani maƙeri mai faɗin goshi ya zama maigari, da wata tsohuwa mai tuyar ƙosai wadda in ta ɓata rai sai ka ji kamar kai ka yi laifi. Ya cire tabarau ya dube ni, ya ce ina da ido. Tunda uwata ta haife ni ba a taɓa yaba mani wani abu ba sai ranar. Kaina ya kumbura. Saura mutum ɗaya, in ji shi: ɓarawon shanun.

To, ina da aboki guda a duniya, Bafulatani, ruggarsu na gabas da gari. Tun muna yara muke tare, ƙwarya ɗaya muke shan fura. Siriri ne, ba ya son magana, idonsa kullum kamar yana hangen wani abu a bayanka. Rabin shanun manoman Cadawa a hannunsa suke amana, kamar yadda suka kasance a hannun mahaifinsa: su ba shi kiwo, ya sha nono, ya sauka gonakinsu da rani shanu su zuba taki. Ba takarda, ba shaida. In ya ce saniyarka ta haihu, ta haihu. In ya ce ta mutu, ta mutu.

Na same shi ƙarƙashin gawo. Na kira shi da sunan tsokanar da muke wa Fulani, na ce, "Agwai, na samo maka aikin gado. Satar shanu."

Ya rama da sunan da suke kiran Bahaushe, ya ce, "Kaɗo, Allah ya shirye ka." Ya yi murmushi.

Na yi ta yi masa bayani wasa ne, hoto ne kawai mai motsi. Ya daɗe yana zana ƙasa da sandarsa, sannan ya ce, "Kai kake so?" Na ce ni nake so. Ya ce to. A lokacin ban gane ba, amma irin kunyarsu da suke kira fulaku ce ta hana shi ce wa abokinsa a'a.

Aka ɗauki wurin satar can cikin daji, mu biyar kawai. Da yake Turawan ba su da shanu, sai aka yi da garken da ke hannunsa. Ya naɗe fuska da rawani rabi, ya lallaɓa, ya kwance igiya, ya kora su yana waiwaye. Bature mai na'ura har tsalle ya yi don murna. Ni kuwa na faɗa wa mutumin Yamai, ina bugun ƙirji, "Ka ga fuskar ɓarawo ta asali." Abokina yana tsaye, ya ji. Ya juya wajen shanun.

Sai bayan damina biyu motar silima mai yawo ta zo Cadawa. Bayan magariba aka ɗaura farin ƙyalle a jikin bangon kasuwa, gari ya taru kaf, har daga ƙauyuka. Ni an ba ni kujera kusa da jandarma, na sa sabon wando. Maganar cikin silimar duk Faransanci ce, babu mai ji, ido kawai ke aiki. Da maƙeri ya fito da rawanin maigari aka yi ta dariya. Da aka zo wurin satar sai dariya ta ɗauke.

Wani dattijo ya miƙe tsaye. "Waccan mai karyayyen ƙahon ai tawa ce! Ita ce ya ce mani ta mutu bara!"

Kuma da gaske ta mutu, ni shaida ne, tare muka ja mushenta cikin kwari. Wani ya ce ga bajiminsa can. Wata ta ce ga karsanarta. Kowa ya juya yana neman abokina, yana can baya tsaye, ya saƙale hannu a sanda.

A nan ne ya kamata in tashi in ce, jama'a, ni na roƙe shi, an ɗauki wannan tun saniyar tana da rai. Magana ce da ba ta kai tsawon atishawa ba. Amma na ga ido ya dawo kaina, jandarma yana dariya, sai tsohon halina ya motsa. Na ɗaga murya na ce, "Ku gode mani, ni na kama maku shi!"

Wasu suka yi dariya. Dattijon bai yi ba. Da na sake waiwayawa, wurin da abokina yake tsaye babu kowa.

Ba a kai shi ƙara ba, ba a zage shi ba. Cikin sati guda dai kowa ya je rugga ya gaisa da ladabi, ya ce yana son ya ɗan ga shanunsa kusa da gida. Ya kwance wa kowa nasa bai tambayi dalili ba. Na yi ta bin mutane ina rantsuwa, amma wa zai yarda da rantsuwar wanda bai taɓa faɗin magana ba wasa a ciki ba? Kullum ina cewa gobe zan je ruggar. Ranar da na je, na tarar da turaku da busasshen taki.

Mutumin Yamai ya aiko in bi shi, na bi shi, don Cadawa ta yi mani faɗi. Shekaru na yi ina zaɓen fuska, da ya tsufa aikin ya dawo hannuna. Na iya shi, ba yabon kai ba. Ina shiga kasuwa in ce ga alƙali, ga mahaukaci, ga uwar da ɗanta ya ɓata. Gaisuwa kuwa na sha ta, amma duk mai gaishe ni gyara tsayuwa yake yi, yana juyo mani gefen fuskarsa mai kyau. In koma ɗaki in dama fura a ƙwarya, in sha rabi, in rasa wanda zan tura wa sauran. Abu ɗaya na riƙe: ban sake sa mutum ya fito ɓarawo a garin da aka san shi ba. Turawa sun ɗauka dabarar aiki ce.

Abin da na koya, a makare, shi ne wasa yana da mai biyansa, kuma sau da yawa wanda ya fi ƙaunarka ne, don shi kaɗai zai tsaya ka yi da shi.

Bayan na bar aiki na dawo gida da furfura, wata ranar kasuwar Gangara na hango shi wajen ƴan awaki. Ya rame, yana jan akuya biyu. Na ƙarasa wurinsa. Na ce, "Agwai." Ya dube ni ya ce, "Kaɗo." Muka gaisa, ya tambayi iyali, na ce ba ni da su. Na fara kame-kamen haƙuri, ina cewa mutanen gari ne jahilai, ba su san silima ba.

Ya ɗaga hannu. Ya ce, "Su ban riƙe su ba, ƙyalle suka gani. Kai ne. Shekara ashirin muna shan ƙwarya ɗaya, aka ce ka nemo fuskar ɓarawo, sai ka tuna da tawa?"

Ya ja awakinsa ya shiga cikin jama'a. Ni da ban taɓa rasa abin cewa ba, har yau ban ba shi amsa ba.