Ranar da Muka Je Ta'aziyyar Mai Gyaran Takalmi

Abubuwa da yawa sun same ni a New York, wasu na manta, wasu na yafe. Amma ranar da muka je ta'aziyyar tsoho mai gyaran takalmi, ita kam ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Allah.

Bari in bi abin daki-daki. Ina da shagon kayan abinci a unguwar Mount Hope, nasa yana jikin nawa, bango ɗaya ya raba mu. Bature ne, mutumin Italiya. Ya zo ƙasar nan yana saurayi, bai gama iya Turanci ba aka ɗauke shi soja, aka kai shi yaƙin Vietnam. Ya dawo da ɗingishi, ya kama sana'ar ubansa, bai sake ta ba har tsufa. Mu Hausawan layin Baba Soja muke ce masa. Mutum ne mai tsari, abin da ya haɗa mu ke nan. Yana buɗewa a kan lokaci, ya share gaban shagonsa da nawa, kuma ba ya karɓar takalmi sai ya ga takun mai shi. "Yi tafiya in gani," haka yake cewa, ko kai limami ne.

Wata rana muna shan shayi ya ce mini, "Maƙwabci, in na mutu a maƙabartar sojoji za a sa ni, a rufa mini tuta. Haƙƙina ne. Ka zo ka tsaya, kada a ce ba ni da kowa." Na ce, "Baba, ba ni kaɗai ba, layin nan duka zai zo." Ya yi dariya ya ce amma kada mu zo masa da shinkafa.

Da sanyi ya shigo ya faɗi a gida, aka kai shi asibiti, a can ya cika. Na je, ma'aikaciyar ta tambaye ni, "Mene ne tsakaninku?" Na ce maƙwabcinsa ne ni. Ta dube ni kamar ban ba da amsa ba. Sai dangi ake yi wa bayanin gawa, in ji ta. Yana da ɗa guda a wata jiha mai nisa, an riga an sanar da shi.

Sai muka yi abin da muka sani. A wurinmu dangi ke zama, jama'a su zo gaisuwa, a nan ake jin lokacin jana'iza. Muka jira ɗan ya iso. Ranar da na ga ƙofar shagon a buɗe, na kira telan layinmu, mutumin Kumasi, da sauran jama'a. Muka sa manyan riguna. Matata ta dafa shinkafar duk da haka.

Babbar mota muka tarar, ma'aikata suna watsa kaya a ciki. Guduma, keken ɗinki, ƙafafun katakon da yake ɗora takalmi a kansu, duk a haɗe kamar shara. Ɗan yana gefe yana danna waya, shi ma furfura ta fara fito masa.

Na ce, "Mun zo gaisuwa. Allah ya ba da haƙuri. Yaushe za a kai shi?"

"Kai shi ina?"

"Maƙabartar sojoji."

"An gama wannan tun shekaranjiya," ya ce, ya nuna kujerar gaba ta motarsa. Wani ɗan akwati ne a kai, bai kai tukunyar da ke hannun matata ba. An ƙona gawar Baba, tokarsa ce a ciki.

Tela ya kama hannuna. "Inna lillahi. Alhaji, wai Baba ne wancan?"

Na danne zuciyata na faɗa wa ɗan wasiyyar ubansa. Ya ce, "Ni bai taɓa gaya mini ba. Tun ina yaro takalman mutane yake yi wa magana, ba ni ba." Ban musa masa ba, don ban san abin da ya wuce tsakaninsu ba. Na ce to ko tokar ce, ya bari mu raka shi a kai ta wurin sojojin. Ya dube mu da rigunanmu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Ku su wane ne?"

Ya shiga mota. Muka tsaya a bakin titi har ya sha kwana ya nufi babban titin Grand Concourse. Iyakar tsayuwar da na samu na yi wa Baba Soja ke nan, ba tuta, ba kabari. Yau wayoyi ake sayarwa a shagon, yaran da ke ciki ba su san an taɓa gyaran takalmi a wurin ba.

Ranar ban koma shago ba. Na wuce gida, na zaunar da 'ya'yana, na faɗa musu yadda za a yi mini wanka, wanda zai sallace ni, da inda za a sa ni. Suka amsa da Turanci. Na ce ban yarda ba, kowa ya maimaita da Hausa. Abin da na koya shi ne, a ƙasar nan maƙwabci ba shi da baki a kan gawa. Wanda ya bar wasiyyarsa a kunnen maƙwabci bai sa ta a kunnen ɗansa ba, bai bar komai ba.