Rigar Ƙyallaye

Shekarar da aka rufe masaƙar da Baba ke aiki a Kakuri, soja sun riga sun koma bariki, 'yan siyasa suna ta zuba mana alkawari a rediyo. Alkawari bai kawo wuta ba, injin masaƙa kuwa ba ya motsi sai da wuta. Ga atamfar waje mai araha ta cika kasuwa. Haka aka sallami su Baba.

Ni a lokacin ba maganar abinci ce ta dame ni ba. Duk Kirsimeti masaƙa takan ba ma'aikata atamfa, mu yi anko gida guda, mu tafi coci muna taƙama. Wannan shekarar babu.

Mama ta jawo buhun ƙyallayen da suka rage daga ankon shekarun baya, ta zauna kan kekenta na ɗinki a ƙofar ɗakinmu a Unguwar Television, ta harhaɗa su ta ɗinka mini riga. Na fashe da kuka, na ce dariya za a yi mini.

"Ki sa," in ji ta. "Babu ƙyallen da ke jikinta da bai bi ta hannun babanki ba."

Na sa ina kumbure-kumbure. Ana tashi daga coci matan zumunta suka kewaye ni suna tambayar wa ya ɗinka. Da keken nan Mama ta riƙe gida har Baba ya kama gyaran injin niƙa.

Masaƙar har yau a kulle take, ciyawa ta cinye ƙofarta. Keken kuwa yana shagona, ni nake taka shi.