Baƙon da bai yi sallama ba

Jama'a, ku ji abin da ya same ni.

Jiya da hantsi ina tankaɗe, ɗiyata Hadiza tana fassara mini wani littafin Faransanci da take karantawa cikin salula, na samari masu shan jinin mutane. Ta ce da bakinsu ake gane su. Murya a sanyaye, ladabi kamar me, amma ba su sallama, kuma ba su iya shiga gida sai an ce su shigo. Na yi dariya na ce mayun Turawa ke nan.

Da la'asar sai ga wani saurayi tsaye bakin zaure, tsaf da shi.

"Inna, an yarje mini in shigo?"

Na ce, "Yaro, garinku ba a sallama?"

Ya yi murmushi. "Ba komi. Zan jira Hadiza ta kira ni da bakinta." Ya juya.

Hadiza ta rantse ba ta san shi ba, tana kuka. Na tambayi maƙwabta, na tambayi 'yan kabu-kabun unguwarmu nan Tasawa, ba wanda ya gan shi.

Yau na hana ta zuwa lakwal, wato makaranta. Iyaye, don Allah, gobe in bar ta ta tahi?