Kujerar da Kawu Alƙasum Ya Zaɓa Mini

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 21 ga Afrilu 1998, Allah Ya karɓi ran kawuna, Malam Alƙasum Tanko, tsohon ma'aikacin gandun daji, a gidansa da ke Tawa. Ina Jidda ina jiran jirgin dawowa daga aikin Hajji labarin ya iske ni. Kwana uku da binne shi na iso gida, da amsar da ya aike ni in samo masa.

Kawu, shekara goma sha tara ka yi kana fama da wani fako a gabas da Barmu, wurin da ko akuya ba ta tsayawa. Kai da matan ƙauyukan nan kuka jera duwatsu don tare ruwa, kuka haƙa ramuka, kuka dasa itatuwa. A shekarun yajin aiki, da motar ma'aikata ta rasa mai, keke ka riƙa hawa zuwa can. Mutane na ce maka ɓata ƙarfi kake yi. Ba ka taɓa musu da su ba, amma na san maganar tana ci maka rai, don wanda ke tsaye a ƙasa itace goma yake gani, sauran duk jan dutse.

Ba ka taɓa shiga jirgin sama ba, sai dai duk Tawa babu wanda ya kai ka sanin inda ake zama a cikinsa. Wurin wani matuƙin jirgin feshin fari ka koya, ka ƙara da taswirorin ofis. Muna yi maka dariya, muna kiran ka direban da bai taɓa tashi ba, kai ma kana taya mu.

Da na zo yi maka bankwana, kowa saƙon addu'a yake ba ni. Kai kuwa, kana kwance, ka kama hannuna ka ce: "Rakia, ɗiyata, ki zamna bakin taga, hannun hagu, gaba ga fiffike, kar shi tare miki. In kun tashi Yamai da rabin awa, ki duba ƙasa. Ki gano mini ko aikin nan namu shina ganuwa."

Da na shiga jirgin, na tarar wata tsohuwa ƴar garin Takanamat ta riga ni kujerar. Ni da ban taɓa tayar da babba daga mazauninsa ba, na durƙusa a tsakiyar jirgi, kunya kamar ta kashe ni, na roƙe ta. Ta ce: "Mi ag ga waje, ɗiyata, ban da iska?" Na gaya mata labarinka. Sai ta matsa.

Na duba agogo kamar yadda ka ce. Ƙasa ja ce fayau har iyakar gani. Can sai ga tabki, ga garin Tawa, sannan gaba kaɗan ga wani wuri mai duhu-duhu, shimfiɗe kamar tabarma a kan jan dutsen. Tsohuwar ta leƙo ta kafaɗata ta ce: "Wancan daji na." Na fashe da kuka, ita kuma tana ta sa maka albarka, ba ta ma san ka ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Inna Ramatu, da ƴaƴanka Alhusaini da Safiya, da matan Barmu da suka ɗauki dutse tare da kai. Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe kurakuranka, Ya sa kowace inuwa da ka dasa ta zame maka inuwa ranar da babu wata sai tasa.

Na yi latti da kwana uku, Kawu, ka yafe mini. Aikinku yana ganuwa. Tun daga sama ake ganin sa.