Abin da Tarmuji Bai Ji Ba

Ɗakin wanki na jirgin ruwan yana can ƙasa, hawa biyu ƙarƙashin ruwa, ba taga ba rana. A nan Tarmuji ya yi shekara goma sha tara yana tura zannuwan gado cikin injin guga. Jirgin na ɗaukar masu yawon shaƙatawa dubu uku, kowannensu kuwa sai ya ɓata tawul huɗu a yini, sai ka lissafa da kanka. Mutum biyu ke tsayawa a bakin injin, wannan ya kama kusurwa wancan ya kama kusurwa. Abokin kamun Tarmuji wani ɗan Filifin ne mai suna Rodel, wanda bakinsa ba ya hutawa sai in yana tauna.

Tarmuji mutumin Pemalang ne, a gaɓar arewacin tsibirin Jawa. Ubansa masunci ne, shi kuwa tun yana yaro teku ke sa shi amai, don haka ya gudu Semarang ya kama wanki a otal. A can wani dillalin ɗaukar ma'aikata ya ga yadda yake fitar da karin wando, ya ce masa akwai aiki a jirgi. Tarmuji ya yi dariya, ya ce shi da ya gudo daga kwalekwale. Amma da aka faɗa masa albashin sai dariyar ta tsaya. Ya tafi ya bar matarsa Sumiyati da 'yarsu Lastri tana shekara uku. Tun daga nan rayuwarsa ta zama wata tara a ruwa, wata biyu a gida. Da gugar nan ya gina gida mai ɗaki uku, da ita ya kai Lastri makarantar koyon jinya har ta gama.

Da farko sai jirgi ya tsaya a tasha ake jin muryar gida. Ka sayi kati, ka bi layi a gaban akwatin tarho, na bayanka na ta duba agogo. Daga baya aka kawo intanet cikin jirgi, ta tauraron ɗan Adam, ana sayar wa ma'aikata ƙunshi-ƙunshi. Sai dai fasinja ake fara ba wa, abin da ya rage shi ne na ma'aikata. Maganarka kuma sai ta hau sama ta sauko kafin ta isa. Ka ce "Kuna lafiya?" ka yi shiru har ka fara zargin kanka, sannan amsa ta zo. In ka yi gaggawa ka sake magana, muryoyinku su yi karo a hanya, kowa ya tsaya, kowa ya ce "Faɗi, ina ji," su ma su sake yin karo.

A cikin watannin da Tarmuji ba ya nan, ƙanensa Karsono ne namijin gidan, don katanga ɗaya ce ta raba su. Shi ya riƙa kai Lastri makaranta a babur, shi ya kwana a asibiti da ta yi zazzaɓin sauro, shi malamai suka sani. Tarmuji na gode masa, duk dawowa sai ya kawo masa agogo ko takalmi. Amma akwai wani hutu da Lastri ta faɗo daga keke a ƙofar gida, ta taso da jini a gwiwa, ta wuce ubanta da ya buɗe hannu ta faɗa jikin Karsono. Bai taɓa gaya wa kowa ba, bai kuma manta ba.

Da Lastri ta kawo Hendro, wani malamin firamare mai sanyin hali, kowa ya yi na'am. Aka kai wa Mbah Sodik, dattijon unguwa, ranakun haihuwar yaran biyu, ya haɗa ya raba, ya tsayar da safiyar wata Lahadi a watan Yuli, kafin rana ta take. Ranar da Mbah ya tsayar kuwa ba a ɗaga ta. A lokacin jirgin na tsakiyar kakar yawo a tekun Alaska, kuma wanda ya sauka a tsakiyar kwantiragi, kuɗin jirgin sama a kansa yake, komawarsa aiki ma sai an ga dama.

"Mas, ka ba Karsono wakilci kawai," in ji Sumiyati a waya, don a wurinsu Mas ake ce wa miji ko yaya. "Haka kowa ke yi."

"Ni ba kowa ba ne."

"To waye kai, kyaftin?"

"Komai shi ya yi mata. Wannan ɗaya dai nawa ne. Da bakina zan aurar da ita."

Sumiyati ta san muryar nan, sai ta kai maganar ofishin ɗaurin aure. Jami'in ɗaurin aure ya yi ta jan ƙafa, daga baya ya yarda a gwada ta waya, da sharaɗin Karsono ya zauna kusa ko da wani abu.

Ɗaurin aure a wurinsu yana da ƙa'ida mai tsauri. Waliyyi zai faɗi nasa, yana dire kalmar ƙarshe ango ya karɓa da numfashi ɗaya, ba tsayawa ba inda-inda. Shaidu su ce ya ɗauru, ko su ce a sake. Angon da ya kasa sau uku akan tashe shi ya je ya yi alwala a gaban jama'a, labarin kuwa har jikokinsa sai sun ji.

Tarmuji bai zauna jiran sa'a ba. Sati biyu yana yawo da waya a hannu lokacin hutunsa, ya gwada ɗakin cin abinci, ya gwada matakala, ya gwada lungun masu shan taba. Ya gano filin ma'aikata da ke goshin jirgi, inda ba rufi, shi ya fi ko'ina. Ya sayi ƙunshi mafi girma. Ya roƙi shugaban wanki awa guda. Rodel ya bi 'yan ɗakin wanki ɗaya bayan ɗaya yana cewa duk wanda ya buɗe bidiyo a wannan awar zai goge masa fuska da dutsen guga.

Ƙarfe tara na safiyar Lahadi a Pemalang, shida ne na yammacin Asabar a Alaska, rana na nan sama kamar la'asar. Tarmuji ya hau da rigar batik mai zanen gargajiya da baƙar hula, ya ɗora rigar sanyi a kai, sannan ya cire ta don kada surukai su ce bai yi ado ba. Rodel ya riƙe masa waya.

Hoto ya fito. Ga falon gidansa an fitar da kujeru, ga Hendro a durƙushe gaban ƙaramin tebur, ga jami'i, ga shaidu biyu, Mbah Sodik da wani mutum, ga Karsono a gefe. An jingina wayar gidan da kwalbar ruwa, an haɗa ta da lasifika.

"Pak Muji, daina rawar ɗari," in ji Rodel, don haka yake kiran Tarmuji, wato Baba Muji. "Za su ɗauka kai ne angon."

Jami'i ya ba da izini. Tarmuji ya gyara murya.

"Hendro ɗan Suparjo, na aurar maka da 'yata Lastri, bisa sadakin zinariya giram biyar da kayan salla, lakadan."

Shiru. A fuskar waya Hendro bai motsa ba. Mutumin da ya yi shekaru yana koya wa iyalinsa jira, yau shi ne ya kasa. Zuciyarsa ta ce an yanke, ya sake ɗaukowa daga farko. A can falo kuwa Hendro ya riga ya kai tsakiyar amsarsa, sai ga muryar suruki ta fito daga lasifika ta hau kansa. Yaron ya daburce ya tsaya. Dariya ta iso jirgi a makare.

"Muji," in ji Mbah Sodik, "'ya ɗaya gare ka, sau ɗaya ake ba da ita. A sake."

"Wannan karon ina gamawa ka toshe min baki," Tarmuji ya ce wa Rodel.

"Da ma na daɗe ina so."

Ana shirin na biyu sai lasifikar jirgi ta yi ƙara, aka sanar wa fasinja cewa ga manyan kifayen nan masu feso ruwa a hannun dama. Tarmuji ya ɗaga kai. Hawa bakwai na baranda, duk sun cika da mutane, kowa ya miƙo waya yana ɗauka yana turawa gida. Ya san abin da hakan ke nufi, fasinja za su cinye layin. Ya yi sauri ya faɗi nasa, Rodel ya dafe masa baki. Hoton ya daskare a kan Hendro da ido ɗaya a rufe.

Da murya ta dawo, Mbah ne ke magana. "Na ji 'na aurar maka', na ji 'kayan salla'. Sunan yarinya ban ji ba. Me ka ba shi, dardumar?"

Wannan karon dariyar ba ta yi yawa ba. Saura ɗaya. Tarmuji ya ce a kashe hoto a bar murya kaɗai, ko za ta fi sauƙin wucewa. Fuskar waya ta yi baƙi. Ya jira har ya ji tarin Mbah ya fito tas, sannan ya faɗa a hankali, kalma bayan kalma, ya danne leɓensa da kansa.

"Na karɓi au..." Sai wani ƙugi kamar ana zuba tsakuwa a bokiti. Sai shiru mai tsawo. Sai "...kadan."

Ya ji ɗaya mai shaidar ya ce ya ɗauru, mata sun fara hamdala daga ciki. Mbah ya tsayar da su.

"Mu nan mun ji naka, mun ji nasa, yaro bai yi tuntuɓe ba. Amma mai bayarwa ya kamata ya ji an karɓa. Muji, ka ji amsarsa?"

Rodel ba ya jin yarensu, amma ya karanci fuskar abokinsa. Ya shiga gyaɗa kai da ƙarfi, yana motsa baki, ka ce e, ka ce e. Ba wanda zai sani. Kalma ɗaya ce, gajera, irin wadda ko a wannan layin za ta wuce lafiya. Daga ita shi ke nan, Tarmuji ne ya aurar da 'yarsa da bakinsa daga tsakiyar teku, kuma haka za a riƙa faɗa a Pemalang. Ya tsaya iska na kaɗa rigarsa. Abin da ya zo masa shi ne Lastri za ta zauna a kan wannan kalmar shekara da shekaru, ta haifi 'ya'ya a kanta.

"Ban ji ba, Mbah. Farko na ji da ƙarshe. Tsakiya ban ji ba."

Rodel ya runtse ido.

"Kada a tashi yaron nan alwala," Tarmuji ya ci gaba. "Sau ukun nan duk daga wajena ne, a shaida. Ina Karsono?"

An ɗan jima. "Ga ni, Mas. A ƙara jira kaɗan mana, ko layin zai gyaru."

"Kifayen nan ba yanzu za su tafi ba, lokacin Mbah kuma na wucewa. Matso gaban tebur. Na wakilta ka ka aurar da Lastri ga Hendro." Ya faɗa sau uku a jere, don in biyu sun ɓace ɗaya ta isa.

"Mun ji ta biyu da ta uku," in ji Mbah.

"Na karɓa, Mas," in ji Karsono, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Abin da ya biyo baya Tarmuji bai tsinci ko rabi ba. Sai dai da jama'ar falo suka haɗa baki suka ce ya ɗauru, wannan kam ya iso, da ƙarfinsa, har wayar ta yi rawa a hannun Rodel. Tarmuji ya shafa addu'a, ya miƙa hannu zai karɓi waya ya kashe.

"Pak." Muryar Lastri ce. "Pak, kar ka kashe. An zo wajen durƙusa wa iyaye. An sa kujeru biyu, Mama na kan ɗaya. Ɗayar Baffa ya ƙi zama, ya ce wakilcinsa ya ƙare a tebur. Zan ɗora wayar a kai."

Ya ji an ajiye shi a kan wani abu mai laushi. Ya ji motsin zane, ya ji numfashi kusa-kusa, ya ji "ka yafe" da "tarbiyya", sauran ƙugi ya cinye. Bai ce ta maimaita ba. Ya jira har ya tabbata ta gama, ya ƙara jira, sannan ya sa mata albarka ita da mijinta, doguwa, tun daga lafiya har zuwa zuriya, bai rage komai ba, ko da yake bai san nawa ke isa ba. Yana cikin ambaton 'ya'yan da za ta haifa Rodel ya duba fuskar wayar ya ga layin ya riga ya yanke. Ya ci gaba da riƙe ta a saitin bakin Tarmuji har ya kai amin.