Shagon dabinon da na ƙirƙira wa Gwaggo

Tun da idanun Gwaggo suka mutu, aikin karanta mata littafi ya faɗo kaina. Yayar mahaifina ce, tana zaune a unguwar Ƙuba ta Madina, a wani tsohon gida da ke kallon gonar dabino. Bayan la'asar nake zuwa, in zuba mata shayi, in buɗe waya. Ta tsufa a Madina amma Larabcin littafi bai taɓa shiga kunnenta ba, don haka ina karantawa a zuci ina juya mata da Hausa.

Littafin da ya kusa tayar min da hawan jini, 'yar ƙanwata ce ta turo. Wai labarin abokai biyu ne da suka yi jami'a tare, suka rabu, suka sake haɗuwa bayan shekaru. Na ce madalla, daidai tsohuwa. Sai da muka yi nisa, Gwaggo ta saba da su, sannan na gane son juna suke yi. Maza biyu! Na ji kamar in tsoma wayar cikin butar shayi.

Kuma duk gidajen Madina a rasa inda labarin zai sauka sai wannan. Ɗan Gwaggo tilo ya tafi karatu waje bai dawo ba. Ya haura arba'in ba aure, yana zaune gida ɗaya da abokinsa na jami'a. Ta daɗe da daina amsa kiransa, mu ma muka daina ambatonsa a gabanta.

Dainawa ba ta yiwuwa, don Gwaggo ba ta barin labari a tsakiya. Sai na mayar da su abokan kasuwanci masu shirin buɗe shagon dabino. Inda ɗaya ya ce ya kasa manta ɗayan, in ce maganar shago ce ta hana shi sukuni. Su kuma ko kaɗan ba su taimake ni ba. Shafi bayan shafi suna zaune a gidan gahawa, wannan ya buɗe baki ya fasa, wancan ya tsura wa taga ido. Ƙattai da gemunsu! Ni da nake ƙoƙarin binne zancen ma sai da nauyin bakinsu ya ba ni haushi. Ga ni ina gumi, ina ƙirƙiro musu motar ɗauko kaya daga garin Badr.

Ranar da muka kai inda ɗayan ya fashe da kuka a filin jirgi, na ce ai buhunan dabinon ajwa ne suka yi tsutsa. Gwaggo ta ajiye kofinta.

"Halas, ya isa haka, ya binti, 'yata. Namiji ba ya irin wannan kuka a kan dabino. Idona ne ya mutu, ba kaina ba. Karanta abin da aka rubuta."

Na ce, "Gwaggo, wallahi aib ne."

"Na gane tun tuni. Ke ce kike ta ɓata mana lokaci da shagonki."

Haushi ya kama ni, duk wahalar da na sha ashe saurarona kawai take. Na karanta mata sauran yadda yake, ina tsallake abin da bakina ba zai iya faɗa ba. Da na kai ƙarshe, sai ta jefo min tambaya.

"Uwar mai kukan fa? Me ta yi da ta ji?"

Na koma baya na duba. Mai littafin bai ba ko ɗayansu uwa ba, kamar daga ƙasa suka tsiro. Na faɗa mata haka.

"To, littafin banza ne," ta ce. "Duk wannan surutu, ba wanda ya gaya wa uwa yadda za ta yi."

Ta murza bakin mayafinta. Can ta lalubo gwiwata.

"Lambar ɗana tana cikin jawwal ɗinki?"

Na ce tana nan cikin wayar.

"Buga. Ki sa min a kunne, kuma wannan karon kada ki juya min komai."